Injiniya Maikano da Ramin Kashin Shanu

"Ku rubuta ku ajiye," in ji Maikano, "kafin ruwan bana ya sauka, ni da gidan mai mun raba gari. In kuka sake ganina da galan a hannu, ku cire mini hular nan ku ba kare."

A ƙofar shagona ya faɗi haka, a Sabon Garin Wudil, muna zaune mu wajen bakwai a kan benci bayan la'asar. Ni tela ne, kuma bango ɗaya ne ya raba shagona da ɗakin injin niƙan Maikano, gidansa kuma yana bayanmu. Don haka labarin da zan ba ka ba ji na yi a bakin wani ba. Rabi da idona na gani, rabi da hancina na shaƙa.

Bari in fara gaya maka ko wane ne Maikano, don kada ka ɗauka wani bawan Allah nake ci wa mutunci a banza. Da can karen mota ne. Ya bi wata babbar mota zuwa Ikko sau biyu, a tafiya ta biyun ya miƙa wa makanike sifana, tun daga ranar ya naɗa wa kansa Injiniya. Da ya gaji mahaifinsa, sai ya sayar da shanun ya sayi injin niƙa, ya sayar da jakin gidan ya sayi babur, ya ajiye tumbi. Gonar Utai ce kawai ta tsira. Babban ciwonsa ɗaya ne: ba ya barin kowa ya kai ƙarshen magana. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani." Ko sallama ka yi masa, kafin ka kai rabi ya riga ya sani.

Shekarun nan ne kuwa da kuɗin mai suka shigo ƙasa suka ruɗa kowa. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, masinja ya sayi babur, akawu ya sayi mota, kowa na yawo da rediyo a kafaɗa. A rediyon kullum ana gaya mana ƙasarmu ta yi arzikin mai. Mu dai a Wudil arzikin da muka gani shi ne layi. Gidan mai ya buɗe yau, ya rufe kwana biyar. In ka matsu sai ka bi 'yan bumburutu a bakin gada, su yanka maka farashin galan guda har ka zaci da motar aka haɗa maka. Abin yana ba ni haushi har gobe: a ƙasarmu ake haƙo man nan, amma sai ka rantse a ka ake ɗauko shi daga bangon duniya. Ni dai kekena da ƙafa nake taka shi, tuwo ne mansa. Maikano kuwa injinsa ya kwana tara bai yi tari ba, babur na jingine a zaure kaji na hawa, matan unguwa sun koma dutsen niƙa suna ambaton sunansa ba da alheri ba.

Ana cikin haka, wani malamin makaranta Ba'indiye, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa, ya kawo mini ɗinkin wando. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwa, shanu na ta wucewa zuwa kara suna barin abin da suka saba bari a hanya. Mutumin ya tsaya yana kallo, ya girgiza kai.

"A ƙauyenmu ba a asarar wannan," in ji shi. "Rami ake haƙawa, a zuba ɗanyen kashin shanu, a dama da ruwa, a kifa duro a kai. In ya ruɓe, wata iska ce take taruwa a cikin duron, kana ƙyasta mata ashana sai ta kama. Da ita mahaifiyata take dafa shayi."

Maikano yana zaune yana korar ƙuda, sai ya miƙe zumbur.

"Wuta daga kashi?"

"Wuta sosai. Amma sai an yi haƙuri, kwana arba'in ba a buɗewa. Ramin kuma dole a ɗaure shi da siminti, sannan ba a..."

"Na sani. Na ga irinsa a Ikko."

"Kuma iskar ba ta da yawa, ta girki ce. Inji kuwa sai an..."

"Na sani, Malam. Ku shayi kuka iya. Mu nan inji za mu tayar."

Ba'indiyen ya dube ni, na dube shi, na auna masa ƙugu ya tafi. Da la'asar ɗin ranar ne Maikano ya yi cika bakin da na fara gaya maka.

Washegari ya fara haƙa a tsakar gidansa. Katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, ba laifina ba ne in na ji. Matarsa Hansai mace ce mai kiwon awaki da tumaki, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana tana yi maka ƙaiƙayi.

Ka san yadda ake yi a wajenmu. Duk abin da dabbobi suka zubar a shekara, da tokar murhu, da sharar gida, ana tara su a kusurwa guda. In bazara ta yi sai a kwashe a mangala, a ɗora wa jaki a kai gona, a zuba tsibi-tsibi, ruwan fari ya sauka a kai. Gonar Utai jigawa ce, yashi zalla, in ba ta ci taki ba ko abin kunu ba za ta ba ka ba. Kuma dawar gonar nan gidan Maikano yake ci daga kaka zuwa kaka, shi da Hansai da 'ya'ya biyar. Injin niƙa na cefane ne kawai, shi ma in ya samu mai.

"Malam, ramin mene ne wannan kusa da madafina?" in ji Hansai.

"Kamfani ne."

"Kamfanin me?"

"Na wuta. Takin nan da kika tara duk ciki zai shiga."

"Takin gonar? To dawar fa, me za ta ci?"

"Hansai, ke har yanzu kina zamanin jaki. Inji na tashi zan sayo takin zamani buhu-buhu, fari tas, irin wanda ake zubawa da cokali."

"Ni dai abin da nake gani, yaran nan ba sa cin wuta, in dawa ba ta..."

"Na sani."

"To, Allah ya sa ka sani."

Takin awaki busasshe ne, Ba'indiye kuwa ɗanye ya ce. Don haka da Juma'a ta zagayo, sai ga Injiniya a kara, cikin babbar riga mai aska biyu, da bokiti a kowane hannu. Kowa a kara gaban saniya yake duba, haƙora da tozo. Maikano kaɗai ne yake zagayawa baya. In ya ga wata ta ɗaga wutsiya sai ya ruga, tumbi na rawa. Dillalai suka samu abin yi.

"Injiniya, ga wani bijimi nan ya ƙoshi tun safe, ɗan jira shi kaɗan."

"Ranka ya daɗe, ita wannan sai ka taya, ba ta yi wa kowa kyauta."

Ni ma ina wurin. Wani dattijon Bafillatani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ja ni gefe ya tambaye ni a hankali ko mutumin yana da 'yan'uwa a garin.

Kwana huɗu da zuba kaya a rami, unguwa ta ɗauka. Mai shayi ya kwashe teburinsa ya koma bakin titi. Masu zama hira bayan sallah suka koma suna sallamewa suna neman takalma. Ni kuwa duk rigar da na ɗinka, sai mai ita ya shinshina ya dube ni. A rana ta biyar mai unguwa ya zo da kansa. Ya gaisa da Maikano, ya tambayi gida da iyali da gajiya da zafi, duk bakin rawaninsa na kan hanci. Da ya gama ya ce, "Maikano, ko ramin ya bar unguwar nan, ko ku bar ta tare."

Maikano ya ce hassada ce, kuma da ma shi kamfaninsa ya fi ƙarfin tsakar gida, gona zai kai shi. Sai dai kai kaya gona sai da jaki, shi kuwa jakinsa ya zama babur, babur ya zama gadon kaji. Dole ya je ya roƙi Isyaku.

Isyaku maƙwabcinsa ne a gona, ta gabas, a gangare. Siririn mutum ne mai sanyin magana, akuya uku gare shi da jaki ɗaya, takinsa bai taɓa rufe rabin gonarsa ba. Maikano ya daɗe yana kiransa Jaki-da-Mangala, a gabansa ma, shi kuwa murmushi kawai yake yi. Kwana uku jakin nan yana jigila daga Sabon Gari zuwa Utai, har ya kwashe takin Hansai tas, da abin da aka samo a kara.

Ranar da za a haƙa sabon ramin Maikano ya ja ni, wai in zo da tef ɗina na awo. Ya zagaya gonar yana taku irin na masu safiyo, sannan ya hau kan tudu, daidai kan iyakarsa da Isyaku, ya soka sanda.

"Nan. Don masu wucewa a mota su riƙa gani."

Isyaku ya sosa ƙeya. "Injiniya, in da za ka ji tawa, da ka matsa yamma. Wurin nan in ruwa ya sauka, duk ta nan yake..."

"Na sani."

"A'a, ina nufin hanyar ruwan, ai gangaren..."

"Isyaku, ka taɓa zuwa Ikko?"

"Ban taɓa ba."

"To riƙe jakinka."

Duk manomin da ka sani ya san inda ruwa yake bi a gonarsa kamar yadda ya san hanyar ɗakinsa. Maikano kuwa shekara shida rabon da ya taka gonar da damina, 'yan ƙwadago yake turawa, shi sai an yi girbi yake zuwa ya ƙirga dami. Ni shaida ne, sau biyu Isyaku ya ɗauko maganar, sau biyu aka datse ta. Na tuna masa da siminti, ya ce siminti ya yi tsada, kuma laka ma siminti ce in injiniya ne ya taɓa ta. Ya tayar da ɗan bangon laka ta ɓangaren gangaren, aka zuba kaya, aka ɗebo ruwa aka dama, aka kifa duro.

Kwana arba'in aka ce ba a buɗewa. Maikano duk bayan kwana biyu sai ya ɗaga duron ya leƙa, kamar mai dafa wake. Ya leƙa, iskar ta fita, ya rufe, ya zagi shanun Wudil wai ba su da ƙarfin ciki. Sai da ƙafarsa ta kumbura don tafiya ya kwanta kwana goma, sannan ramin ya samu sararin yin aikinsa. Da ya koma ya tarar duron ya ɗan taso.

Ranar bai bar kowa ya huta ba. Ya aika gida-gida cewa gobe da hantsi mata su kawo niƙa, kyauta ne. Ya gayyaci mai unguwa, ya ɗauko maroƙi. Da na tambaye shi yadda iskar da ke Utai za ta zo Sabon Gari, ya dube ni da tausayi, ya nuna mini tub biyu na tayar babbar mota da guntun tiyo.

Gaskiya tub ɗin sun ɗan cika. Aka ɗaura wa jakin Isyaku, ɗaya dama ɗaya hagu, Maikano na gaba cikin babbar riga, ni da Isyaku muna baya. Da muka kusa gari, sai ya karkata wata 'yar siririyar hanya da ke tsakanin shinge biyu, wai ta fi kusa.

"Injiniya, mu bi titi," in ji Isyaku, "shingen nan duk ƙa..."

"Na sani."

Ba mu yi taku ashirin ba ƙaya ta samu tub ɗin dama. Ya fara huci a kunnen jakin, wari ya biyo baya. Jakin nan da na sani shekara da shekaru bai taɓa sauri ba, ranar ya nuna mana yana da dangi a cikin dawaki. Ya ture Injiniya cikin shinge, ya miƙe sai ƙofar inji, inda mata suka jera ƙore, mai unguwa na kan kujera, maroƙi na tsakiyar kirari. Maroƙin ya kai "Maikano ɗan gidan wuta," iskar ta shiga masa baki, bai ƙara ko kalma ba. Taro ya dare biyu, kowa hannu a hanci.

Maikano ya iso yana cire ƙaya a riga, ya ce kada kowa ya tafi, ai da sauran tub ɗaya. Ya cusa tiyo a bakin inji, ya kama hannu ya yi ta juyawa har gumi ya jiƙa masa wuya. Injin ya yi tari biyu, ya yi atishawa ɗaya, ya koma barcinsa. Mata suka fara ɗaukar ƙorensu.

"Ku tsaya. Injin ne bai saba ba. Amma wutar tana nan, bari ku gani."

Ya zare tiyon, ya kawo shi daidai fuskarsa don ya tabbatar iskar na fita, ya ƙyasta ashana. Muka ji fuu, wata shuɗiyar wuta ta yi tsalle ta mutu. Da hayaƙi ya washe, rabin gashin bakin Injiniya ya tafi, girar hagu ma ta bi shi.

Wata tsohuwa ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta dube shi sama da ƙasa. "Wutar dai akwai ta, ɗan nan," in ji ta. "Sai dai ta aski ce."

Wani da ya sha wannan sai ya haƙura. Da yammar na ji Hansai ta katanga, kuma ban taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba.

"Malam, don Allah ka duba gabas. Hadari ya fara haɗuwa, kowa ya gama kai taki. A kwashe na ramin nan a watsa a gona tun da sauran lokaci. In ya so baɗi ka yi kamfaninka."

"Ramin yunwa yake ji, shi ya sa. Ƙara masa za a yi, a rufe kwana arba'in cif."

"In ruwa ya riga kwana arba'in ɗin fa?"

"Na sani."

Ya ƙara masa kuwa, har da ɗan abin da awaki suka tara a 'yan kwanakin. Ya cika shi taf, ya liƙe.

Ruwan bai jira kwana arba'in ba. Wata Talata bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya har la'asar. Yana ɗaukewa Maikano ya ce in raka shi ya ga yadda duronsa ya ƙara tasowa. Ya taso kam. Mun same shi a tsakiyar gonar Isyaku, a kwance. Ruwan da ya gangaro daga tudu ya cika ramin, bangon laka ya narke, takin shekara guda, ruɓaɓɓe, damamme, har da gudummawar shanun kara, ya bi gangare ya shiga gonar Isyaku. Kuma bai tsaya wuri ɗaya ba, kunya-kunya ya bi yana rabawa, ko ɗan ƙwadago aka biya ba zai watsa shi da kyau haka ba. Gonar Maikano kuwa ruwa ya wanke ta fes, yashi na ƙyalli.

Ya kama bokiti ya faɗa gonar mutane yana kwalfa. Isyaku na tsaye a kan iyaka ya ce, "Ɗebi, Injiniya, ai naka ne." To, me za ka ɗeba a abin da ƙasa ta riga ta shanye? Na yi dariya har na riƙe ciki, ba zan ɓoye maka ba. Amma a hanyar komawa na tuna da 'ya'yan Hansai biyar, dariyar ta ƙare.

Takin zamani bai zo ba, don injin da zai sayo shi yana can yana jiran mai. Da kaka ta yi, dawar Isyaku sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi kafin ka ga zangarniya, masu wucewa a mota har tsayawa suke yi su kalla. Ta Maikano iyakarta gwiwa, ciyawar wuta-wuta mai kashe dawa ta yi mata fure ko'ina. Gonar da take ba da dami talatin, dami huɗu ta bayar. Hansai ta fara sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya tana auno hatsi, kuma ta daina yi masa magana in ba ta kama ba.

Wata la'asar muna kan benci sai ga Maikano ya dawo daga layin gidan mai, da galan a hannu, babu ko ɗigo a ciki. Wani ya dubi hular Maikano, ya dubi karen da ke kwance a gindin bango, na taka masa ƙafa kafin ya buɗe baki. Injiniya ya zauna ya fara yi mana bayanin cewa kuskuren da aka yi shi ne dogara da dabba, yanzu rana zai kama da madubi ya ɗura wa inji. Yana cikin zana madubin a ƙasa da tsinke, sai ga jakin nan ya tsaya a gabanmu, da dami uku na dawa a bayansa, Isyaku na riƙe da igiya.

Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da kaka. Sannan Isyaku ya sunkuyar da kai.

"Injiniya, bana Allah ya yi wa gonar albarka, har na fitar da zakka, abin da ban taɓa yi ba tun da nake. Na je wajen liman na tambaya wa ya fi cancanta, ya ce in fara duba maƙwabcin da nomansa bai yi ba kuma yake da iyali. Na duba gabas, na duba yamma..."

Bai ƙarasa ba, kuma wannan karon ba wanda ya datse shi. Maikano ya miƙe, sabon gashin bakinsa na rawa.

"Zakka? Ni? Isyaku, ka san da wa kake magana? Kwashe tsiyarka ka..."

Sai muka ji murya daga bayan ƙyauren zaure. Shekara goma sha biyar muna maƙwabtaka, ban taɓa jin Hansai ta yi magana a bakin ƙofa ba sai ranar.

"Malam Isyaku, an gode, Allah ya ƙara albarka. A shigo da su."

Maikano ya juya. "Hansai, kin san abin da mutane za su..."

"Na sani," in ji ta.

Aka shiga da dami uku, ɗaya bayan ɗaya, ta gaban Injiniya, yana tsaye da galan. Isyaku ya naɗe igiyarsa, ya yi mana sallama, ya ja jaki. Har ya yi 'yan taku sai ya tsaya, ya dawo, ya rage murya irin ta mai neman alfarma.

"Injiniya, baɗi in za ka sake kamfanin, don Allah ka ɗan matsa da ramin kudu kaɗan. Akwai wata kusurwa a gonar tawa da bai samu ya kai ba."